Tuwon Gida Da Tuwon Saye: Daga Kasuwar Tasawa Zuwa Titunan Maraɗi



Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisunmu, musamman in damina ta kawo kai, samari sun fara dawowa daga cirani. Yaro ya yi wata biyar ko shida a birni, ya dawo, an aje mishi tuwon hatsi da miyar kuka, sai ya ɗan taɓa ya ture. An jima a gan shi wurin mai shayi yana jiran a dafa mishi Indomie da ƙwai. Nan dattawa za su ɗauka: birni ya ɓata yara, matan zamani sun daina girki, a da wa ya san wani sayen abinci, ai kowa tuwon gidansu yake ci. Samari kuma su ce, “Baba, ba ku san zaman birni ba ne.”

To, mun ce bari mu bi sawun maganar nan a tarihi, mu ga ko da gaske sayen dafaffen abinci baƙon abu ne a wurinmu. Abin da muka tarar shi ne, kakanninmu sun daɗe suna sayen abinci, a birni da ƙauye. Abin da ya sake shi ne abin da ke cikin tukunyar, da gonar da ya fito, da aljihun da kuɗin ke faɗawa. Nan ne ya kamata gardamar ta tsaya, don nan ne ta shafi rumbunanmu.

Bari mu faro daga Tasawa. A watan Janairu na 1851 wani Bature ɗan Jamus mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya iso garin bayan ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa ta Damargu. Ya zaga kasuwa, ya rubuta abin da ya gani. A bayaninsa, kayan abinci da dafaffen abinci su ne suka fi komai yawa a kasuwar. A nan ya fara ganin tuwon magarya har ya ɗanɗana, kuma ya yi mamakin ganin ƙorai cike da soyayyar fara ana sayarwa. Ku lissafa, yau sama da shekara 170 ke nan. Lokacin babu mota, babu burodi, babu Maggi, amma wanda ya shiga kasuwar Tasawa da wurinsa a hannu ba zai kwana da yunwa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasarmu hanya ce. Ayarin gishiri na saukowa daga arewa, fatake na tasowa daga Kano da Katsina, masu goro na dawowa daga Gwanja. Falke da ya sauka zango da jakuna ko raƙuma bai zo da turmi da murhu ba, kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Matan garin ne ke fitowa da hura da tuwo da ƙosai, Fulani su kawo nono, mahauta su kafa tukubar tsire. Tashar mota ta yau jikar zango ce, mai tuwon tasha kuma jikar waccan matar ce da ke tarbar ayari.

Wani zai ce ai wannan zancen baƙi da matafiya ne, mutanen gari fa? Su ma suna saye. Duk wanda ya tashi a karkarar Maraɗi ya san tsarin gandu da gamana. Hatsin gandu na maigida ne, shi ke ciyar da gida lokacin aikin gona. In an gama kaka, a gidaje da yawa akan liƙe rumbun gandu sai damina ta sake zagayowa, maza su tafi cirani, mata su riƙe kansu da ɗiyansu da abin da suka samu a gamana da kuma sana'ar hannu. Wace sana'a ce ta fi kusa da mace a cikin gida? Girki. Wannan ta yi hura, waccan ta yi ƙosai, wata ɗanwake, wata ta tuya waina, wata ta matse man gyaɗa ta soya ƙuli-ƙuli. Kowa na saye wurin kowa.

Masu bincike sun rubuta wannan tun tuni. Wani Bafaranshe mai suna Claude Raynaut ya zauna a Sumarana, kusa da Maraɗi, kuma a 1977 ya fitar da nazari a kan yadda ake dafa abinci da yadda yake zagayawa a ƙauyen. Ya nuna cewa kaso mai yawa na abin da mutane ke ci saye ake yi a dafe, daga hannun matan ƙauyen. A can Batagarawa, kusa da Katsina, wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta tarar da irin haka a ƙarshen shekarun 1960. Mata na cikin kulle, ba ka ganinsu a kasuwa, amma kusan kowane gida ƙaramar kasuwa ce, yara ne ke kai da kawo da faranti a ka. Waɗannan ƙauyuka ne fa, ba birane ba.

In muka duba da kyau, tsarin yana da hikima. Kafin a sha hura sai an yi sussuka, an sheƙe, an surfa, an bakace, an wanke, an daka gari, an cura, an dafa, an kirɓa. Wannan aikin rabin yini ne, ga itace, ga ruwan da ake ja daga rijiya mai gaba da yawa, kamar yadda muka sani a nan gefen Gulbin Kaba. In mace ɗaya ta yi wa gida goma hura, an rage itacen murhu tara, sauran matan sun samu sararin yin wata sana'ar, ita kuma ta samu abin adashi da abin biki da kayan ɗakin ɗiyarta. Kuɗin bai bar unguwa ba. Hatsin na gonar gari ne, waken na gonar gari ne, daddawar batso daga ɗiyan sure aka yi ta, kuka kuma ga itacenta nan a bayan gari.

Sai dai dattawa suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma dole mu faɗe ta. A da, magidanci ba ya tsayawa a titi yana cin abinci, abin kunya ne. Ko saye za a yi, yaro ake aikawa da kwano, a kawo zaure. Da dare kuma akwai ciyayya: kowane gida ya fito da akushinsa ƙofar gida ko bakin masallaci, maƙwabta su haɗu su sa hannu tare. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ran nan, asirinsa a rufe yake, don ba wanda ya ƙirga kwanuka. Baƙo ya samu, almajiri ya samu. Shi ya sa ake cewa kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Ke nan abin da ba mu gada ba shi ne mutum ya zauna a benci da farantinsa da cokalinsa, ya ci, ya biya, ya tashi, bai san sunan wanda ke gefensa ba. Wannan kam birni ne ya kawo shi.

To, yaya aka yi Maraɗi ta zama birnin da ke ciyar da dubban mutane a bakin titi? Maraɗi ta kafu ne a farkon ƙarni na 19, bayan jihadi, lokacin da sarakunan Katsina na Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a can. Da Faransawa suka zo, Tasawa ce ta fara zama mazaunin kwamandansu na wannan yanki, sai wajen 1927 aka mai da shi Maraɗi. A 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama, aka hau da mutane tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, aka yi sabuwar kasuwa. Daga nan gyaɗa ta buɗe. Kamfanonin Turawa suka kafa sikeli, ƴan baranda suka bazu ƙauyuka, daga baya a 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayen gyaɗa. Lokacin kaka, garin cike yake da manoma da suka kawo kaya, da ƴan dako, da direbobi da yaran mota, da leburori. Duk maza ne da suka baro matansu a ƙauye, kuma duk sai sun ci sau biyu ko uku a yini.

Ƙidaya ta nuna yadda abin ya tafi. A 1977 mutanen Maraɗi sun kai kimanin dubu 44. A 1988 sun kai wajen dubu 110. A ƙidayar 2012 sun haura dubu 260. Cikin shekara 35 garin ya ninka kusan sau shida, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ƙaru mu ne, mutanen Mayahi da Tasawa da Agye da Dakwaro. Saurayin da ya bi ta Cadawa ya shiga Maraɗi yana tura baro ko yana kabu-kabu, shi da abokansa biyar a ɗaki ɗaya ko a shago, ina zai kai turmi? Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke da darasi tun safe, yaushe zai tsaya talge? Ga su nan, koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake ko dambu da rana, da dare mai shayi. Wannan ba lalaci ba ne, yanayin zaman ne ya zo da haka.

A wancan zamani na gyaɗa, tukunyar birni tana haɗe da gonar ƙauye. Mai tuwon tasha hatsinmu take saye da tiya, mai ƙosai wakenmu, mai tuya man gyaɗarmu. Da Alhazan Maraɗi suka yi arziki, kulle ya ƙaru a cikin gari, amma sana'ar abinci ba ta mutu ba, ta koma cikin gida, ƴan mata na fita talla. Kuɗin da ɗan cirani ya kashe a birni, wani kaso nasa yana komowa ƙauye ta hannun mai sayar da hatsi.

Igiyar ta fara tsinkewa ne da fari. Yunwar 1973 zuwa 1974 ta zo, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, noman ta ya durƙushe, manoma suka koma wake da aya. A 1984 aka sake yin wani farin, ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har mutane suka sa wa yunwar suna El-Buhari. A irin waɗannan shekaru ne abincin taimako da na kanti ya samu ƙofa: shinkafa, alkama, masara, garin rogo, madarar gari. Bakin da ya ɗanɗana su don dole, daga baya ya saba. Shinkafa da a da sai ranar salla ko biki ake ganinta a gidajenmu, ta zama abincin kullum a birni. Man gyaɗa ya yi tsada, man jarka na waje ya maye wurinsa. Ɗunƙulen Maggi ya ture daddawa gefe. Taliyar leda ta shigo, Indomie ta biyo baya.

Kada mu ɗora wa kwaɗayi laifin duka. Shinkafa ta ci kasuwa ne don ta rage wahala. A wanke, a zuba a ruwa, kafin rabin awa ta nuna. Ba surfe, ba tankaɗe, ba layi wurin injin niƙa, ba tuƙi da muciya gaban wuta. Macen da ke sayen itace ko gawayi da kuɗi, kuma take sayen ruwa wurin ƴan garuwa, dole ta yi wannan lissafi. Da matatar mai ta SORAZ ta buɗe a Damagaram a ƙarshen 2011, gas na girki ya ƙara samuwa a birane, kuma duk mai girki da gas ya san tukunyar da ta fi saurin nuna ita ce mai sauƙi a aljihu. Hatsi bai sake ba, har yanzu yana neman hannu da lokaci irin na da, alhali zaman birni ya cinye lokacin.

Ga inda matsalar take. Mafi yawan shinkafar da ake dafawa a titunan Maraɗi ba a Nijar aka noma ta ba. Daga ƙasashen Asiya take zuwa, irin su Indiya da Tailan, shekara da shekaru kafin 2023 tana sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, manyan motoci su hauro da ita. Alkamar burodi da ta taliya ita ma daga waje. Ke nan farantin ɗan cirani ya rataya ga abubuwan da ba shi da iko a kansu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka tashi dare ɗaya. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta har zuwa Disamban 2020, kasuwancin Maraɗi ya ji a jikinsa. A 2023 da aka sa wa ƙasa takunkumi, hanyar Kwatano ta toshe, kowa ya ga yadda kuɗin buhun shinkafa ya yi tsalle, mai abinci ta rage ludayi, na dala ashirin ya daina ƙosar da yaro balle babba.

Hatsi ma ba ya tsira daga kasuwa, wannan mun koya a 2005. Shekarar nan jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ce ta fi cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Hatsi na nan a kasuwa, amma buhu ya kai wajen jika 30, talaka ya sayar da nasa tun da kaka da araha, ya dawo yana kallo. Darasin shi ne, manomin da ba shi da mai saye na kirki a kusa, arha yake zubar da amfaninsa, ya dawo ya saya da tsada. Kowane kwanon tuwo ko hura da aka daina saye a birni, kasuwa ce ta ragu ga manomin Sarkin Hausa.

Abin mamaki, a daidai lokacin da muke guje wa abincinmu, wasu biranen da shi suke taƙama. A Gana, shinkafa da wake ta Hausawan zango ita ce ta zama wakye da ake layi a kanta a Akara, tuwon zafi ma da sunansa na Hausa suke kiransa, haka koko da ƙosai. A Legas da Yawunde, in dare ya yi, tsiren Bahaushe ake nema. A Abijan, abincin da talaka da ɗalibi suka fi saye, wato acake da soyayyen kifi, garba ake ce mishi, sunan da ya samo daga ƴan Nijar da suka yi suna wajen sayar da shi. Kilishinmu kuwa har tsaraba ake yi da shi zuwa ƙasashen waje. Ashe sana'ar ciyar da birni gadonmu ce, har mun kai ta bakin teku.

Kuma akwai alamun cewa hatsi zai iya komawa cikin farantin birni in an rage mishi wahala. Ku dubi hura. Da ta kusa zama abin tsofaffi, sai ga shaguna a Kano da Yamai da Maraɗi suna dama ta da na'ura, da kindirmo ko yawur mai sanyi, ma'aikata da ɗalibai na saye. Ƙungiyoyin mata na sarrafa hatsi su busar, su ƙulla a leda: garin kunu, dagen hatsi, burabusko, wanda mace za ta dafa cikin ɗan lokaci kamar shinkafa. Dambu da zogale ya samu kasuwa har wurin masu kuɗi, tun da likitoci suka fara yi wa mutane kashedi a kan ciwon suga da hawan jini. Ɗanwake da ƙosai kuwa ba su taɓa faɗuwa ba. Duk waɗannan daga gonakinmu suke fitowa.

Sai dai in za mu yabi tsohon tsari, mu faɗi kuɗin da aka biya a kansa. Wancan ciniki na cikin gida a kan ƴan mata ya tsaya. Yarinyar da ke yawo da farantin talla daga safe har la'asar, ita ce kujerarta ke zama wayam a lakwal, ita ce kuma ke haɗuwa da abin da ba a so a tasha da lungu. Uwar ba mugunta take yi ba, da ribar za a sayi sabulu da magani da kayan ɗaki. Amma in muna son sana'ar iyayenmu mata ta ɗore, sai an samo mata hanyar da ba ta cin karatun ɗiya: rumfa a ƙofar gida, babbar mace mai saye da sari, ko saurayi mai babur da ake kira a waya ya kai. A birane an riga an fara hakan. Haka nan zancen tsabta: ruwan wanke kwano, rufe abinci daga ƙuda da ƙura, da zuba abinci mai zafi a baƙar leda, duk abubuwa ne da mai saye ke da ikon yin magana a kansu.

Don haka, Baba, in yaro ya dawo ya ture tuwo, a yi mishi faɗa a kan raina abin da ya raine shi, wannan daidai ne. Amma kada a ce sayen abinci ne ya lalata shi, don kakansa ma ya sayi hura a kasuwar Tasawa. Ku kuma samari, in kun zauna gaban mai abinci a Maraɗi ko Kano ko Agadas, ku tuna hatsin da kuka bari a rumbu da waken da kuka ɗora wa amalanke, wani ne zai saye su kafin ku samu kuɗin taki da na aure. In ku da kuka noma ba ku nemi tuwo da dambu da hura ba, wa zai nema? Ko sau ɗaya a yini ne, a tambayi na gida. In kuma kuna ɗaki ɗaya ku biyar, ku haɗa kuɗin a zubo a faranti ɗaya, ku kira na shida da bai samu aiki ba ran nan. Ciyayya ba ta buƙatar zaure.

Iyayenmu mata da kakanni da ke saurare, ku ne kuka fi mu sanin wannan tarihi: nawa ake sayar da curin hura lokacin kuna ƴan mata, wace shekara injin niƙa ya fara zuwa garinku, yaushe kuka fara dafa shinkafa ba ranar salla ba. A zauna da yara a ba su labari tun ana tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbuna, ya sa wa masu sana'a albarka a tukunyarsu, ya dawo muna da ƴan cirani lafiya. Amin.